Hukuncin Ƙara Haraji A Kan Masu Babban Samu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai yalwata arziki ga wanda Ya so, Mai ƙuntata shi ga wanda Ya so, duka don jarrabawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na ji a nan Malali, a teburin mai shayi, bayan sallar isha'i. Samari ne wajen bakwai suna taɗin sabuwar dokar haraji. Ɗaya ya ce shi ko a jikinsa, tun da an yafe wa masu ƙaramin samu. Wani ya nuna wajen manyan gidajen G.R.A. da haɓarsa ya ce, "Waɗancan su za su ji a jikinsu. A tatse su! Wallahi ko rabin albashinsu aka kwashe, ni murna zan yi." Aka bushe da dariya, aka ce Allah Ya ƙara. Dukansu kuwa yara ne masu salla, wasunsu ma 'yan makarantar dare ne, sun san Ahalari sun san Arba'una Hadisi. Dariyar nan ita ta hana ni barci, domin na ga sun yi wa dukiyar Musulmi hukunci ba su tambayi Shari'a ba.

Bari mu fara sanin abin da ake magana a kai, don kada mu yi wa'azi a kan jita-jita. Harajin kuɗin shiga na mutum, a ƙasar nan Majalisar Tarayya ce ke yanka yawansa, amma gwamnatin jihar da mutum yake zaune ita ke karɓa, ita ke kashewa. Watau ma'aikacin da ke zaune a Malali, abin da aka cire masa aljihun Jihar Kaduna yake shiga. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. A cikinsu an ce Naira 800,000 na farko a samun mutum na shekara babu haraji a kansu. Daga nan sai kashi 15 cikin ɗari, sai 18, sai 21, sai 23, har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. A tsohuwar doka ta 2011 ƙololuwar kashi 24 ce, amma ana fara ware wa mutum kashi 20 na samunsa da Naira 200,000 a ce ba a taɓa su, saboda haka abin da babba ke biya a haƙiƙa bai wuce wajen kashi 19 ba. Sabuwar doka ta soke wannan rangwame, ta bar wani ɗan sauƙi na kuɗin haya wanda ba ya wuce Naira 500,000. Ka ga ke nan an sauƙaƙa wa na ƙasa, an ƙara wa na sama.

Sauƙin da aka yi wa na ƙasa alheri ne, kuma Musulmi ba ya ɓoye alherin da aka yi don yana jin haushin mai yi. Maganarmu a kan ƙarin ne.

Ka sani, ya ɗan'uwa, asali a Musulunci shi ne dukiyar mutum tana da alfarma kamar jininsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya a hajjin ban kwana, a gaban dubban sahabbai, ya haɗa jini da dukiya da mutunci wuri guda, ya kamanta alfarmarsu da ta ranar da ta watan da ta garin da suke ciki. A cikin waɗanda ke saurarensa akwai Abu Huraira wanda yunwa ta sha kayar da shi a masallaci, akwai kuma Abdurrahman ɗan Aufu wanda ayarinsa kan cika Madina. Bai ware dukiyar Abdurrahman ya ce ita an sassauta alfarmarta saboda yawanta ba. A Suratun Nisa'i kuma Allah Ya hana muminai cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, bai ce ban da ta mawadaci ba. To, wanda zai ɗauki ko kwabo daga hannun mai shi ba da yardarsa ba, shi ne zai kawo hujja. Mai dukiya ba a tambayarsa hujjar riƙe abinsa.

Abin da Allah Ya yanka a dukiyar kuɗi kuwa sananne ne: zakka, ɗaya cikin arba'in, watau kashi 2.5 cikin ɗari, kuma sai dukiyar ta kai nisabi, shekara ta zagayo tana hannun mai ita. Abin da mutum ya ci, ya ciyar da iyali, ya biya bashi, babu zakka a kansa. Yanzu kwatanta da wannan. Mutumin da abin da ake sa wa haraji a samunsa ya kai Naira miliyan 1 a wata, miliyan 12 ke nan a shekara. Lissafinsa a sabuwar doka: Naira 330,000 a mataki na biyu, Naira 1,620,000 a na uku, jimla Naira 1,950,000. Kusan albashin wata biyu, kuma ana cire shi tun kuɗin ba su shiga hannunsa ba, ba a tambayi matansa nawa ba, ba a tambayi marayu nawa yake riƙo ba. Kai ka san irin gidajenmu. Mutum ɗaya mai albashi yakan ɗauki mutum talatin, daga Kaduna har ƙauyensu.

Akwai kuma abin da Larabawa ke kira maksu, watau kuɗin da masu iko kan ƙaƙaba wa mutane ba da haƙƙi ba. Ka tuna hadisin matar nan Bagamidiya da ta zo da kanta ta nemi a tsayar mata da haddi. Da Annabi ya so ya nuna girman tubarta, sai ya auna ta da zunubin mai karɓar maksu, ya nuna ko shi ya yi irin wannan tuba da an gafarta masa. Ba a auna babbar tuba da ƙaramin laifi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, da yake lissafa halayen sarakunan da ya yi wa jihadi, ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla a cikin zaluncinsu. Iyayenku kuma sun ga yadda ake shanya talaka a rana saboda haraji, har Allah Ya kawo 1979, Gwamna Balarabe Musa a nan Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Tambayi duk dattijon da ya ga wannan shekara, zai gaya maka irin murnar da aka yi.

To, sai wani ya ce, "Malam, ke nan duk haraji haramun ne?" A'a, ban faɗa ba, kuma kada ka ɗauki maganata ka kai inda ban kai ta ba. Manyan malamai sun yi magana a kan wannan mas'ala tun da daɗewa. Ibnu Hazmin ya tafi a kan cewa idan zakka ba ta ishi matalautan gari ba, wajibi ne mawadatansa su ciyar da su, su tufatar da su, su ba su matsuguni, kuma shugaba ya tilasta musu. Imamu Gazali, da Imamu Shaɗibi wanda yake Bamalike ne irinmu, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu bayan zakka. Amma duba yadda suka ɗaure halaccin. Sai in akwai buƙata ta gaske wadda in an bar ta al'umma za ta halaka, kamar maƙiyi a bakin iyaka. Sai in baitulmali ya ƙare ƙarƙaf. Sai in shugaban adali ne, wanda zai sa kuɗin inda aka ce za a sa su. Kuma gwargwadon buƙatar kaɗai za a karɓa, ranar da ta gushe a daina. Lalura ce, kamar cin mushe ga wanda yunwa za ta kashe. Wa ya taɓa ganin an mai da mushe abincin kullum, har ana ƙara yawansa kowace shekara?

Akwai wata ƙissa da nake so kowane saurayi ya riƙe. A shekara ta 656 bayan Hijira, watau 1258, Tattar suka ci Bagadaza, suka kashe halifa, suka nufo Sham, Masar ce ta rage. Ƙuɗuz, wanda ragamar Masar ke hannunsa, ya tara malamai da alƙalai yana neman fatawa a karɓi kuɗi daga jama'a don shirya yaƙi. Ka lura, buƙatar nan babu mai musunta. Maƙiyin da ya mai da Bagadaza kufai ne ke tafe. Duk da haka Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Malamai, bai sa hannu haka nan ba. Ya ce ya halatta, amma sai bayan baitulmali ya zama babu komai a cikinsa, kuma sarakunan yaƙi sun sayar da ɗamarunsu na zinariya da kayan ƙawarsu, kowannensu ya rage daga shi sai dokinsa da makaminsa, sun zama daidai da talakawa. Sa'an nan ne za a juyo kan mutane. Aka fita, Allah Ya ba Musulmi nasara a Ainu Jaluta cikin Ramalan na 658, watau 1260. Bayan wannan Sarki Baibaras ya nemi irin wannan fatawa a Sham, malamai da yawa suka sa hannu, Imamu Nawawi, mai Arba'una Hadisin nan da kuke karantawa, ya ƙi, ya kafa masa hujja da zinariyar da ke jikin bayinsa. Masu tarihi sun ce a kan haka ya bar Dimashƙa. Tun kafin su duka, Sayyidina Umar a shekarar yunwa, wadda ake kira shekarar toka, ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya koma gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya, kuma ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi ta wannan shekara.

Yanzu ɗauki wannan ma'auni ka ɗora a kan halinmu. Buƙata akwai ta, ba na musu. Wanda ya san abin da ya faru da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, ko ɗaliban Kuriga da aka kwashe a Maris na 2024, ko halin da mutanen Birnin Gwari suka shiga shekara da shekaru, ba zai ce jihar nan ba ta bukatar kuɗin tsaro ba. Gwamna Uba Sani da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa ya gaji bashin Dala miliyan 587 da Naira biliyan 85. Amma baitulmali ya ƙare? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ƙaruwa ya yi ƙwarai, kuma daga aljihun jama'a ƙarin ya fito, mai kuɗi da talaka, duk wanda ya sayi mai ko ya hau mota. Ɗamarun zinariya fa, an sayar? A wannan shekarar ta 2023, ana ce wa mutane su yi haƙuri su ɗaure ciki, aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, kowa da tasa. Majalisar nan ita ce ta zo ta zartar da ƙarin. In da Sarkin Malamai yana raye aka kai masa takardar, me kake tsammani zai tambaya kafin ya ɗauki alƙalami? Shi ya sa nake cewa sharuɗɗan ba su cika ba, kuma abin da sharaɗinsa bai cika ba yana nan a kan asalinsa na hani.

Sa'an nan ka dubi wanda ƙarin ke faɗa wa. Kai da ka nuna G.R.A. kana tsammani hamshaƙin nan za a kama, mai gidaje a Abuja da Dubai. Haba! Shi yana da akawu, yana da lauya, dukiyarsa tana cikin filaye da sunayen 'ya'ya da kamfanoni. Wanda ba shi da mafaka shi ne mai albashi, wanda samunsa ke rubuce a takarda: likitan da ya ƙi tafiya Saudiyya ko Ingila ya zauna yana duba iyayenmu, injiniya, malamin jami'a, ma'aikacin banki. Kuma bayan an cire masa, shi zai haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya sayi janareta ko sola, ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi, ya ba da na 'yan sintirin unguwa, in damina ta cinye layinsu su yi karo-karo su zuba ƙasa. Ya biya sau biyu ke nan. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A nan an ci lada, kuturu yana yawo da gashinsa.

Kada kuma ka ce ai ni ban kai can ba. A 2011, da aka ce ƙololuwar haraji ta fara daga Naira miliyan 3.2 a shekara, Dala ɗaya wajen Naira 155 take, kuma mai wannan samu babban mutum ne. Aka bar adadin nan yadda yake har ƙarshen 2025, Naira tana ta faɗuwa, har Dala ta haura Naira 1,500 a 2024. Sai ga matsakaicin ma'aikaci, wanda buhun shinkafa ke gagara, ya wayi gari a layin manya, ba don ya yi arziki ba. Iyakar da aka shata wa masu kuɗi yau, ita za ta sauko ta same ka gobe kana zaune. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi.

Amma ni abin da ya fi tsorata ni ba aljihunka ba ne, zuciyarka ce. Tambayi kanka tsakaninka da Allah: murnar nan da ka yi, don za a gina asibiti ne, ko don za a rage wa wane? In an ce maka za a karɓi kuɗin a zuba a kogin Kaduna, da murnarka ta ragu? In ba za ta ragu ba, to sunanta hassada, watau son gushewar ni'ima daga wani ko da ba ta dawo gare ka ba. Ita ce laifin da Iblis ya fara yi a sama, ita ce ta sa ɗan Adamu ya kashe ɗan'uwansa a ƙasa. Mai hassada a haƙiƙa da Mai rabo yake jayayya. Kuma ɗan siyasa ya san wannan ciwo a zukatan matasa sarai, shi ya sa in zai miƙa hannu aljihun mutane sai ya fara cewa na masu kuɗi zai taɓa, don ku yi masa tafi.

Na san abin da za ka ce, don an faɗa a teburin nan: "Ai yawancinsu ɓarayi ne." To, ka shaida? In ka shaida, ɓarawo ba a karɓar kashi 25 a bar masa 75. Duka ake ƙwacewa a mayar wa masu shi, a hukunta shi a gaban alƙali. Sayyidina Umar yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, in ya ga ƙari mai shakka ya raba dukiyar biyu ya sa rabi a baitulmali. Wannan bincike ne a kan mai riƙe da amana, mutum da sunansa. Amma a ce tun da akwai ɓarayi a cikin masu samu bari a aske su duka, an bar ɓarawo da mafi yawan abin da ya sata, an kuma zalunci mai halal.

Kai kuma mai samu, in takardar nan ta faɗa hannunka, kada ka yi murmushi ka ce malam ya goyi bayanmu. Yaushe rabonka da fitar da zakka da lissafi? Ba buhun gero biyar da atamfa da kake rabawa a ƙofar gida da azumi ana ɗaukar hoto ba, lissafi na gaske, ɗaya cikin arba'in, zuwa ga kashi takwas ɗin da Allah Ya ambata a Suratut Tauba. Sayyidina Abubakar yaƙi ya yi da waɗanda suka hana zakka. Wanda ya hana haƙƙin da Allah Ya yanka, bai da bakin kafa hujja da hadisin maksu a kan haƙƙin da gwamnati ta yanka. Daga katangar gidanka zuwa ɗakin da almajirai ke kwana a kan kwali ba ta kai tafiyar minti biyar ba a Malalin nan. Da kun fitar da abin da ke kanku, da yaron nan bai nuna gidajenku da haɓa ba. Kuma ka sani harajin da aka cire maka ba ya sauke maka zakka a wurin jamhurun malamai, domin masu cin wannan dabam, masu cin waccan dabam.

Saura abin yi. Ba mu ce kowa ya yi ƙarya a takardar haraji ba, ƙarya haramun ce ko ga wanda ya zalunce ka. Ba mu ce a ba jami'i cin hanci ya rage lissafi ba, mai bayarwa da mai karɓa duka la'anannu ne. Ba mu ce a fita a ƙona taya a fasa shaguna ba, mu a Kaduna mun san abin da fitina ke haifarwa, mun binne mutane da yawa. Wanda aka cire wa, ya yi haƙuri, haƙƙinsa yana wuyan wanda ya karɓa in bai sa shi inda ya dace ba. Amma haƙuri bai hana magana ba, addini nasiha ne har ga shugabanni. Kuna da ɗan majalisar jiha, kuna da na tarayya, kun san gidajensu tun da kun yi musu layi. Ku je cikin ladabi, ku da limamanku, ku tambaya: nawa jiha ta tara a harajin albashi bara, me aka yi da shi, me masu mulki suka rage a nasu kafin su ƙara a na mutane? Ku nemi a riƙa ɗaga iyakokin nan duk lokacin da Naira ta faɗi. Ku kuma nemi abin da Malesiya ta yi tuntuni, inda Musulmin da ya biya zakka ga hukumar zakka ake cire masa ita daga harajinsa. Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka, saboda haka wurin karɓa da ba da rasiɗi ba zai gagara ba.

Kai kuma da ka gama makaranta aka ɗauke ka aiki a ofishin haraji, kana tambaya ko albashinka halal ne: ka tsaya a kan abin da doka ta rubuta kada ka ƙara ko sisi, kada ka tsorata mai shago don ya ba ka na goro, in ka ga rangwamen da mutum ya cancanta bai sani ba ka gaya masa. Ka tuna ma'aikacin zakkar nan da ya dawo wa Annabi ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya tambaya, don me bai zauna a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar ba.